Kaisar

Kaisar (suna, namiji): laƙabin sarakunan Rum na dā; a bakin Kiristoci Hausawa, hukuma ko gwamnati. Ma'anar ta biyu ta fito ne daga Matiyu 22, inda aka tambayi Yesu ko ya halatta a biya Kaisar haraji, ya duba hoton da ke kan dinari, ya raba haƙƙin sarki da na Allah.

Wasu masu wa'azi sun daɗe suna fassara wannan a matsayin umarnin nisantar siyasa. Fassarar ba ta da ƙarfi. Mutanen da Yesu ya yi wa magana talakawan daular mamaya ne, ba su da ƙuri'a. Talakan Najeriya kuwa shi ke zaɓen mai mulkinsa, don haka yana da hannu a abin da hukuma ta yi. Muhawarar shari'a a majalisar tsara kundin mulki ta 1978 ta nuna cewa siyasa ta shafi Kirista, haka ma lokacin da Jihar Katsina ta faɗaɗa shari'ar Musulunci a 2000: dokar da ba ta hau kan Kirista ba tana iya shafar kasuwarsa da unguwarsa. Masu ja suna kawo Romawa 13, mai umartar biyayya ga mahukunta. Gaskiya ne, amma biyayya ba shiru ba ce, kuma a Ayyukan Manzanni 5 Bitrus ya ƙi bin majalisar da ta hana shi wa'azi.