Saniyar Kurfai da Arzikin Ƙasa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar Kurfai, tun daga Filinge da ke bakin kwarin Dallol Boso har zuwa Sanam, can gabas wajen iyakar jihar Tawa, lalle ne ya tarar cewa al'ummar wannan yanki, ko da yake manoman gero da wake ne tun kaka da kakanni, ba su taɓa dogara ga rumbu kaɗai ba, domin damina a nan ba ta da alkawari, kuma abin da ke tsayawa tsakanin magidanci da bara a shekarar fari shi ne bisashen da ke ɗaure a bayan gidansa. Kurfayawa suka zauna maƙwabtaka da Buzaye da Fulani da Zabarmawa, wani lokaci da takobi, galibi kuwa da mu'amala: gero ya tafi arewa, dabba da nono su gangaro kudu.

Da Nasara suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, suka ɗaukaka gidan Mayaƙi bisa sarautar ƙasar, abin da suka fara nema shi ne lanho, wato haraji, wanda daga baya ba a biyansa sai da kuɗi. To, da yake kuɗi ba ya tsirowa a gonar gero, sai samari suka kama hanyar Kurmi, zuwa Kumasi da Ankara, wato Accra, suna cin rani. Musiba kuma ba ta yi nisa ba. A 1916 mayaƙan Firhun, sarkin Buzayen Iwillimidan, suka kawo hari har Filinge, a 1931 kuwa fara ta cinye amfanin gona, aka yi yunwar da ta halaka jama'a masu yawa a yammacin Nijar.

Amma akwai abu guda da hukumar wancan zamani ta gane, kuma adalci ne a faɗe shi: ta lura cewa saniyar Azawak, mai jan gashi da gajerun ƙahoni, tana ba da nono a inda wata saniyar ba ta iya ko tsayuwa. Saboda haka aka mayar da Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, tashar zaɓen irinta a 1954, har ya zamana ana neman bijiman wurin daga ƙasashe maƙwabta. A nan ne alal haƙiƙa Nijar take da fifikon da ba ta aro daga kowa ba. Sai dai bayan samun mulkin kai a 1960 idon mahukunta ya karkata ga gyaɗar Maraɗi da Damagaram, sa'an nan ga ƙarfen uraniyum na Arlit da aka soma haƙowa a 1971, alhali ma'adini, komai tsadarsa, mutane ƙalilan yake ɗauka aiki, dabba kuwa da wuya a sami gidan da ba shi da rabo a cikinta, ko da akuya guda ce ta tsohuwa. Fari na 1973 da na 1984 suka share garkuna, kuma abin da ya mayar da mutane da yawa kan ƙafafunsu shi ne tsohuwar al'adar nan ta Fulani, habbanaye, inda mai hali yake ba wanda ya rasa aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita.

Hujja mafi ƙarfi a kan darajar dabba ta zo a watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50. Ma'aikatan Yamai suka yi kuka, kuma da gaskiyarsu; amma naman Turai mai ƙanƙara da ya cika kasuwannin bakin teku ya yi tsada, fatake suka dawo neman shanun Sahel. Wanda ya tsaya a kasuwar Baleyara ran Lahadi zai ga yadda fa'idar take rabuwa: makiyayi yana gefe da sandarsa a kafaɗa, dillali yana buɗe bakin sa yana duba haƙora, yana mammatsa tozo, ya raɗa wa wannan kuɗi, ya raɗa wa wancan, ya karɓi la'adarsa, sa'an nan a loda dabbar a mota zuwa Najeriya a tsaye da ranta, ta tafi da fatarta da ƙashinta da duk aikin yanka da jima da za su ciyar da wasu hannuwa. Kaso mafi tsoka yana ga mai jari da mai mota, ba ga wanda ya yi shekara da shekaru yana jan guga a rijiya ba.

A 2011 aka ɗaga Abala ta zama gunduma, Sanam ta koma ƙarƙashinta, sai kuma fitinar iyakar Mali ta biyo baya, da satar shanu da karɓar dabbobi da ƙarfin bindiga da sunan zakka, abin da babu malamin kirki da zai halatta. Aka sa dokar ta-ɓaci a 2017, aka hana hawan babur a farkon 2020, kasuwannin ƙauye da yawa suka yi rauni. A ra'ayina, hukumar da ke son kayan Nijar su yi gogayya a kasuwannin duniya, kuma talaka ya sami rabonsa, wajibi ne ta fara da tsare hanyar da ke tsakanin Sanam da Filinge, da rijiyoyin da ke kanta.