DMX512: Yadda Ake Haɗa Fitilun Dandamali Da Na'urar Sarrafa Su

Duk wanda ya taɓa halartar gangamin siyasa na dare ko bikin mawaƙa ya ga fitilu suna juyawa, suna sauya launi lokaci guda kamar sun haɗa baki. Umarnin da suke bi yana tafiya ne a kan wata ƙa'ida mai suna DMX512, wadda cibiyar fasahar wasan kwaikwayo ta Amurka, USITT, ta fitar a 1986. An yi mata gyara a 1990, sannan hukumar ANSI ta amince da ita a 2004. Kafin zuwanta kowane kamfani da tsarinsa, na'urar wannan ba ta jin yaren fitilar wancan.

Haɗin ba shi da wuyar fahimta. Waya ɗaya ce ke fitowa daga na'urar sarrafawa ta shiga fitila ta farko, daga nan zuwa ta biyu, har ta ƙarshe, kamar 'ya'yan carbi. Layi guda yana ɗaukar tashoshi 512, kowace tasha da mataki daga 0 zuwa 255. Ana bai wa kowace fitila lambar da za ta fara saurare. Idan mai juyawa tana cin tashoshi 16 kuma ta fara daga 1, ta gaba sai ta fara daga 17. In lambobin suka hau kan juna, sai a murɗa launin wannan, waccan ta juya kai. Ƙa'idar ta iyakance na'urori 32 a layi ɗaya, bayan haka sai an sa marabar sigina. A bakin fitilar ƙarshe kuma ana toshe layin da ɗan filogi mai ohm 120, don kada saƙon ya dawo baya ya rikita kansa.

A nan ne masu neman araha ke yin ƙwauro. Ƙa'idar ta tanadi filogin XLR mai ƙafa biyar, amma fitilu masu sauƙin kuɗi da yawa mai ƙafa uku suke da shi, irin na makirfo. Sai a ɗauko wayar makirfo a jona, tunda ta shiga. A gajeren layi takan yi aiki, shi ya sa ɗabi'ar ta ƙi mutuwa. Da layin ya yi tsawo sai fitilu su fara ƙyaftawa.

Ƙyaftawar fitila abin kunya ne kawai. Haɗarin yana wani wuri: DMX512 aikawa take yi ba ta jiran amsa, kuma ba ta da hanyar gane saƙon da ya gurɓace a hanya. Saboda haka ƙa'idar da kanta ta yi gargaɗin kada a dogara da ita wurin kunna wasan wuta ko motsa kaya masu nauyi a saman jama'a. Duk da haka kasuwa cike take da na'urorin feshin wuta da tartsatsi masu karɓar umarni ta wannan layi. An san abin da wutar dandamali ke iya yi: a watan Fabrairun 2003 tartsatsin wasan wuta ya kama soson bangon gidan rawa na Station a jihar Rhode Island ta Amurka, mutum 100 suka mutu.

A 2006 an ƙaro tsarin RDM, wanda ke bai wa fitila damar mayar da bayani ga na'urar sarrafawa, amma bai sauya wancan gargaɗi ba. Na'urar wuta tana buƙatar makullin tsaro nata na daban, da mutum tsaye yana kallonta, hannunsa kusa da maɓallin kashewa.