Ilhama

ilhama: suna, mace, wasu kan ce ilhami. Asalinta Larabci.

1. Sanin da Allah Ta'ala kan jefa cikin zuciyar bawansa ba da karatu ko nazari ba.

2. A fagen adabi, abin da kan zaburar da marubucin ƙagaggun labarai har ya ɗauki alƙalami, wanda galibi daga abin da idonsa ya gani yake tsirowa, kuma ba ya yaɗo sai da lazimtar aiki da haƙuri. Shaidar wannan ita ce Najib Mahfuz na Masar, wanda aka haifa a unguwar Jamaliyya ta Alƙahira a 1911, ya ga boren 1919 yana yaro, ya shafe shekaru yana aikin gwamnati, amma ya keɓe wa rubutu sa'o'i ƙayyadaddu bayan tashi daga ofis, yana kuma zama a shagunan gahawa yana sauraren hirar jama'a, har lungunan da ya taso cikinsu suka zama sunayen littattafansa, kamar Bainal Ƙasraini da Sukkariyya, aka ba shi kyautar Nobel a 1988.

Duba kuma: hikima, fasaha, basira.