Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Singafo da New York

Tafiyar jirgin sama daga Singafo zuwa birnin New York na Amurka tana cikin mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tare da ya yada zango ba. Daga filin jirgin Changi zuwa na John F. Kennedy kilomita kusan 15,350 ne, kuma jirgi kan shafe sa'o'i 18 zuwa 19 a sama.

Kamfanin Singapore Airlines ne ya fara irin wannan jigila a 2004, zuwa filin jirgin Newark da ke kusa da New York, ya dakatar a 2013 saboda tsadar mai, sannan ya dawo a 2018 da jirgin Airbus A350-900ULR mai kujeru 161 kacal.

Abin sha'awa, hanya mafi kusa takan bi ta ƙuryar arewacin duniya, amma matuƙa ba su cika binta sak ba. Sukan duba inda iska mai ƙarfi ta dosa, su bi ta saman tekun Fasifik ko Atlantika. Hanyar takan ƙara tsawo, amma iskar da ke tura jirgin daga baya tana rage lokaci da man da ake ƙonawa.