Littafin da Ba a Ajiyewa a Kan Kanta: Tarihin Labaran Luwaɗi da Maɗigo da Masu Adana Su

Littafin hikaya na Hausa bai saba shiga garuruwa irin Tsaskiya, da ke Ƙaramar Hukumar Safana a yammacin Jihar Katsina, ta ƙofar ɗakin karatu ba. Hanyarsa ita ce ta fatake: a buga shi a Kano a kan takarda mai araha, a ɗaure shi cikin kwali, ya bi mota zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, daga nan ya faɗa hannun mai baza kaya a kasuwar mako ko mai bayar da haya. Idan ya shiga gida sai ya yi ta zagaya ɗakuna, yara na kai shi daga wannan matar aure zuwa waccan, har bangonsa ya fita, shafin ƙarshe ya ɓace.

A cikin dubban littattafan da suka bi wannan hanya tun daga shekarun 1980, akwai 'yan kaɗan da suka taɓo abin da ba a faɗa da ƙarfi: sha'awa tsakanin mace da mace, ko tsakanin namiji da namiji. Su ne ake fara ɓoyewa, su ne kuma ke fara salwanta. Tarihin wannan fanni na adabi, a nan da sauran duniya, ya rataya ne a wuyan wanda ya ajiye kwafi a lokacin da kowa ke jefarwa.

Kalmomin sun girmi littattafan

Sau da yawa akan ji ana cewa batun baƙo ne, intanet da finafinan Turawa ne suka kawo shi. Harshe kansa bai goyi bayan wannan magana ba. Kalmar luwaɗi aro ce daga Larabci, tana komawa ga ƙissar mutanen Annabi Luɗu, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani a zaure ya tarar da hukuncinta a babin haddi. Maɗigo da daudu kuwa ba daga Turanci suka zo ba. 'Yan daudu, wato maza masu ɗabi'ar mata a magana da tafiya da sana'a, sun daɗe suna sayar da abinci a tashoshi da kasuwanni, kuma masu bincike suna danganta sunansu da Ɗan Galadima na bori. Daudanci da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake bakin mutane yakan haɗa su. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa *Allah Made Us* a 2009 a kan rayuwarsu da salon zancensu.

Wato dai fiƙihu ya san batun, kasuwa ta san shi, habaici ya san shi. Hikayar boko ce ta daɗe ba ta kusance shi ba, kuma akwai dalili. An kafa Hukumar Fassara a Kano a 1929, aka mayar da ita Zariya a 1931. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar* da *Idon Matambayi* da *Jiki Magayi*. Littattafai ne da aka tanada domin ɗalibai, ƙarƙashin idon edita na gwamnati. Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC duk sun gaji wannan tsari. Muddin hukuma ce ke biyan kuɗin ɗab'i, ita ke yanke abin da zai hau takarda.

Lokacin da marubuci ya zama mai bugawa

Al'amari ya sauya a tsakiyar shekarun 1980. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasa, yawancinsu mata, suka fara kai rubutunsu ga ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Budurwar Zuciya* a 1987. *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990. Masu suka suka raɗa wa wannan yayi suna Adabin Kasuwar Kano, kuma aka shafe shekaru ana tafka muhawara a kansa a jaridu, musamman tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme.

Da edita ya kau, sai batutuwan da ake rufewa suka fito: auren dole, zaluncin miji, kishi, fyaɗe. Maɗigo ma ya biyo baya. Littafin da aka fi ambata a wannan fage shi ne *Matsayin Lover* na Alkhamees Bature, wanda ya fito a shekarun 1990 ya kuma tayar da ƙura a tsakanin marubuta da masu sayar da littattafai a Kano. Abin lura shi ne yadda irin waɗannan labarai suke ginuwa. Kusan kullum da sigar gargaɗi suke zuwa: yarinya ta tafi makarantar kwana ko ta haɗu da wata hajiya mai kuɗi, a ja ta, asiri ya tonu, ƙarshe ya zama tuba ko cuta ko mutuwa. Marubucin yana cewa faɗakarwa yake yi. Mai suka yana cewa koyarwa ce aka lulluɓe da wa'azi. Mai karatu kuwa ba a tambaye shi ba, domin ba wanda zai fito ya ce ya karanta.

Bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohi 12 na Arewa daga shekarar 2000, ciki har da Katsina, Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taron ƙona littattafan soyayya da aka karɓa daga ɗalibai mata, a gaban Gwamna Ibrahim Shekarau. A 2008, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista, su kuma miƙa rubutunsu kafin bugawa. A 2024 ta hana nuna daudanci a finafinai, alhali shekaru ashirin kafin nan ɗan daudu jigo ne na barkwancin Rabilu Musa Ibro. A matakin tarayya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko mara musu baya. Dokokin shari'a na jihohi sun tanadi hukuncin da ya kai jefewa. A irin wannan yanayi, ko littafin da ya la'anci aikin ba mai son a gan shi a ɗakinsa.

Marubutan Nijeriya da suka ba irin waɗannan mutane murya daga ciki da Turanci suka yi. Wole Soyinka ya saka Joe Golder a *The Interpreters* tun 1965. Jude Dibia ya fitar da *Walking with Shadows* a 2005, Chinelo Okparanta ta biyo da *Under the Udala Trees* a 2015. Turanci ya zame musu katanga: malamin unguwa ba ya karanta su, mai baza kaya a Batsari ba ya ɗauko su.

Wuta da akwati a wasu ƙasashe

Wanda ya ɗauka cewa Turai ta buɗe wa wannan adabi ƙofa tun asali bai duba tarihinta ba. A 1928 wata kotu a Landan ta yanke cewa *The Well of Loneliness* na Radclyffe Hall batsa ne, ta ba da umarnin a lalata shi, duk da cewa babu wani bayanin kwanciya a cikinsa. Sai aka koma buga shi a Faris ana shigo da shi a ɓoye, kuma bai sake fitowa a Ingila ba sai 1949. E. M. Forster ya rubuta *Maurice* a tsakanin 1913 da 1914, ya kulle shi a akwati, ba a buga shi ba sai 1971, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. A Jamus, 'yan Nazi sun fasa cibiyar binciken Magnus Hirschfeld da ke Balin ranar 6 ga Mayun 1933, suka ƙona ɗakin karatunta kwana huɗu bayan haka.

Abin da ya faru a Amurka a shekarun 1950 shi ya fi kama da na Kano. Kamfanoni suka riƙa buga labaran maɗigo a kan takarda mai araha, ana sayarwa a tashoshin mota da kantunan magani. Marubuciyar *Spring Fire* na 1952, Marijane Meaker, ta ɓoye sunanta, kuma editanta ya gindaya mata sharaɗin kada labarin ya ƙare da daɗi, don gudun kada hukumar gidan waya ta kama littafin. Takarda mai ruɓewa, sunan aro, ƙarshe mai hukunci: siffofi uku ke nan da littafin Kano ya zo da su bayan shekara arba'in, ba tare da ya san na Amurka ba. Matsi iri ɗaya yakan haifi salo iri ɗaya.

Manyan ɗakunan karatu ba su tara waɗannan littattafai ba a lokacin. Ɗaiɗaikun mutane ne suka yi. Jeannette Foster, ma'aikaciyar ɗakin karatu, ta shafe shekaru tana bin sawunsu, ta buga nazarinta a 1956 da kuɗinta. A 1974 Joan Nestle da abokanta suka fara tara irin waɗannan takardu a wani gida a birnin Niyok. Da ba don su ba, masu tarihi na yau da ba su da abin dubawa.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu Musulmi yana Andalus. Ibn Hazm, babban malamin fiƙihu na Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1064, ya rubuta *Ɗauƙul Hamama* a kan soyayya da alamominta. A ciki ya kawo labaran maza da suka kamu da son maza, ya ba da su yadda suka faru, sannan ya rufe littafin da babi a kan munin saɓo da falalar kamewa. Bai ga karo tsakanin bayyana abin da ke akwai da faɗin hukuncinsa ba. Shi kansa an ƙona littattafansa a Ishbiliya saboda rikicin mazhaba da siyasa. *Ɗauƙul Hamama* ya iso zamaninmu ne ta kwafi ɗaya tak, wanda wani magatakarda ya rubuta a ƙarni na 14, yana kuma ajiye a Leiden ta ƙasar Holan. Da wannan kwafi ya ci wuta, da an rasa ɗaya daga cikin fitattun littattafan adabin Larabci.

Daga kwali zuwa waya

Yau kasuwar littafin takarda ta Kano ta yi sanyi. Labaran sun koma waya: zaurukan WhatsApp, shafukan Facebook, manhajar Wattpad, ana sakin su shafi-shafi, wasu sai an biya. Sunan aro ya yawaita, tacewa ta yi wuya, kuma labaran maɗigo da luwaɗi sun fi na da yawa da fitowa fili. Sai dai wannan rumbu ya fi na takarda rauni. Ana rufe zaure, waya ta lalace ko a sace ta, marubuciya ta yi aure ko ta tuba ta goge komai a dare ɗaya.

Yankin Batsari da Safana ya ɗanɗani raunin rumbunan biyu. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama, kuma mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar kwalin littattafai. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, na tsawon watanni. Abin da mutanen wannan yanki suka karanta a cikin shekara arba'in, mai kyau da marar kyau, yana ɓacewa ba tare da wani ya ƙirga shi ba.

Ɗan abin da ya tsira daga zamanin takarda, mutane ƙalilan ne suka tserar da shi. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara ɗaruruwan littattafan Kano a makarantar SOAS ta Landan, suka buga jerin sunayensu a 2004. Abdalla Uba Adamu ya tara nasa a Kano. Sakamakon haka, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke son nazarin abin da iyayensa mata suka karanta zai iya samun cikakken kwafi a Landan cikin sauƙi fiye da a Katsina.

Ajiya ba amincewa ba ce

Matsayin addini da na doka a kan luwaɗi da maɗigo a ƙasar Hausa sananne ne, kuma ajiye littafi a ɗakin bincike ba ya sauya shi. Abin da ajiya ke sauyawa shi ne ingancin muhawara. Ana zargin makarantun kwana, ana zargin talauci, ana zargin tsadar aure, ana zargin Turawa, ana kuma jifan mutane da ƙazafin da kan kashe aure ko ya jawo duka a titi. Duk wannan ana yin sa ne bisa jita-jita. Littattafan su ne kaɗai shaidar da ta nuna yaushe Bahaushe ya fara rubuta batun, da wace kalma, da wane tsoro, da kuma wa ya ɗora wa laifi.

Ɗakunan karatu na duniya sun daɗe da sanin maganin wannan. Gidan Tarihi na Birtaniya ya taɓa riƙe wani kulle na musamman daga ƙarni na 19, inda aka riƙa ajiye littattafan da ba a baza wa jama'a, mai bincike kaɗai ya kasance yana isa gare su da izini. Gidan Arewa da ke Kaduna, da Jami'ar Bayero, da jami'o'in Katsina duk suna iya yin haka: kwafi ɗaya na kowane littafi, da sunan marubuci da shekara da maɗaba'a, a kulle. Hukumar tacewa ma, wadda ta fi kowa karɓar irin waɗannan littattafai, tana iya miƙa kwafi ɗaya kafin ta lalata sauran. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Al'ummar da ta ƙona shaidarta za ta wayi gari tana jiran baƙo ya zo daga Landan ya ba ta labarin abin da ta rubuta da hannunta.