Swatantra: Tarihin Jam'iyyar da Ta Ce Gwamnati Ta Janye Hannu



Duk wanda ya saba karanta rubuce-rubucen da muke musaya a tsakaninmu ya san yadda muke yi idan muka zo labarin siyasa. Mukan ƙirƙiro ƙasa, mu raɗa mata suna, mu ba ta jam'iyyu biyu, ɗaya ta azzalumai, ɗaya ta masu ceton talaka. Ƙirƙirar ƙasa dabara ce mai kyau, tana ba marubuci damar faɗin abin da ke ransa ba tare da ya taka sawun kowa ba. Inda muke gazawa shi ne jam'iyyun namu ba su da tarihi. Mai karatu bai san abin da ya haife su ba, bai san mai ba su kuɗi ba, bai san abin da 'ya'yansu suke rigima a kai idan an rufe ƙofa ba. Shi ya sa a wannan mako muka ɗauko tarihin wata jam'iyya ta gaske da ta rayu shekara 15 a Indiya, daga 1959 zuwa 1974. Sunanta Swatantra, wato mai 'yanci. Aƙidarta ita ce gwamnati ta tsaya ga tsaro da shari'a da ayyukan da babu mai iya yin su sai ita, ta cire hannunta daga kasuwa da gonar mutane.

Kafin mu fahimci jam'iyyar, sai mun san abin da ta tashi yaƙa. Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, jam'iyyar Congress ta karɓi mulki ƙarƙashin Jawaharlal Nehru. Nehru yana ganin ƙasa mai fama da talauci irin tasu ba za ta zauna jiran 'yan kasuwa su gina mata masana'antun ƙarfe da madatsun ruwa ba, dole gwamnati ta tsara komai. Yana da hujja, domin Turawa sun bar ƙasar da yunwa da jahilci, kuma jarin 'yan ƙasa kaɗan ne. A 1950 aka kafa hukumar tsara tattalin arziki. A 1951 aka yi dokar da ta wajabta neman lasisi kafin a buɗe babbar masana'anta ko a faɗaɗa ta. A taron Congress na Avadi a 1955 aka bayyana cewa burin ƙasa shi ne gina al'umma bisa tsarin gurguzu, a 1956 kuma aka ware manyan fannonin masana'antu 17, ciki har da ƙarfe da kwal da lantarki, aka ce bunƙasa su aikin gwamnati ne.

Ga yadda abin yake a aikace. Mai son kafa masana'anta zai nemi lasisin kafawa, ya nemi izinin shigo da inji, ya nemi izinin sayen kuɗin waje, ya nemi a ware masa kason ƙarfe da siminti. Kowace takarda da ofishinta, kowane ofishi da layinsa. Idan ya sarrafa kaya fiye da adadin da aka rubuta masa, ya karya doka. A shekarun da suka biyo baya, mai son babur ɗin kamfanin Bajaj, wannan dai da baburansa suka cika titunanmu yau, sai ya rubuta suna ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Haka wayar tarho.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne ƙudurin Nagpur na watan Janairun 1959. Congress ta yanke cewa za a ƙayyade yawan filin da mutum zai mallaka, kuma makomar noma ita ce a haɗe gonakin ƙauye a riƙa noma su tare a raba amfani. An ce gona za ta ci gaba da zama ta mai ita a takarda, amma a daidai lokacin Sin tana tara manomanta a gonakin gwamnati, don haka manoma da yawa suka tsorata. A watan Yunin shekarar aka sanar da kafa Swatantra a Madras, a watan Agusta aka yi babban taronta na farko a Bombay. Alamarta tauraro.

Mu dubi mutanen da suka kafa ta, domin a nan darasin marubuci yake. Jagoransu Chakravarti Rajagopalachari, wanda ake kira Rajaji, yana da shekara 80 a lokacin. Na hannun daman Gandhi ne, 'yarsa ma ɗan Gandhi take aure. Shi ne Gwamna-Janar na Indiya na ƙarshe, daga 1948 zuwa 1950, ya yi ministan cikin gida a gwamnatin Nehru, ya yi babban ministan jihar Madras. Kuma marubuci ne da ya sake ba da tsofaffin labaran Ramayana da Mahabharata cikin harshen Tamil. Babu muƙamin da ya rage masa nema, amma ya fito daga hutu ya tsaya gaban tsohon abokinsa. Shi ya raɗa wa tsarin Nehru sunan da ya bi shi har yau, mulkin lasisi da takardar izini. Hujjarsa ita ce duk inda aka ce sai da sa hannun jami'i, an buɗe ƙofar cin hanci, kuma jam'iyyar da ke raba lasisi ba za ta taɓa rasa masu ba ta kuɗin zaɓe ba.

Na biyu Minoo Masani, babban sakatare, ɗan Bombay, wanda a 1934 yana cikin waɗanda suka kafa reshen 'yan gurguzu a cikin Congress, daga baya abin da ya faru a Tarayyar Sobiyet zamanin Stalin ya sa ya juya wa aƙidar baya. Na uku N. G. Ranga, jagoran manoma daga Andhra, shugaban jam'iyyar na farko, wanda abin da ya dame shi shi ne kada a taɓa gonar manomi. Tsoho mai riƙon al'ada, ɗan boko mai ra'ayin kasuwa, da mai kare manoma. Abin da ya haɗa su adawa da Congress ne, kuma sun san haka. Shi ya sa suka rubuta ƙa'idoji 21, suka ce duk abin da bai shiga cikinsu ba kowane ɗan jam'iyya yana da 'yancin bin ra'ayinsa. Rajaji kansa, duk da kiran gwamnati ta janye hannu, har ƙarshen rayuwarsa yana goyon bayan dokar hana sayar da giya.

Sai matsalar ƙuri'a. Congress tana da reshe a kowane ƙauye da sunan da ta yi a gwagwarmayar 'yanci. Sabuwar jam'iyya ba ta da ko ɗaya. Manyan attajirai, waɗanda za a zaci su ne za su rungume ta, yawancinsu Congress suka fi ba kuɗi, domin lasisinsu a hannunta yake, kuma tsarin yana kare su daga sababbin masu gasa. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a ƙarshen shekarun 1960 ya gano wasu manyan gidajen kasuwanci suna karɓar lasisi su ajiye don kawai kada wani ya samu. Waɗanda suke da jama'a a hannu kuma suke jin haushin Congress su ne tsofaffin sarakuna da manyan masu filaye. Kafin 'yancin kai akwai masarautu fiye da 500 a ƙasar, sun miƙa ikonsu bisa alƙawarin gwamnati za ta riƙa biyan su kuɗin sarauta duk shekara. Swatantra ta buɗe musu ƙofa.

Dabarar ta yi aiki. A zaɓen 1962 jam'iyyar ta ci kujeru 18 a majalisar wakilai ta tarayya, ta zama babbar 'yar adawa a majalisun jihohin Bihar da Rajasthan da Gujarat da Orissa. Gayatri Devi, matar Maharajan Jaipur, ta ci kujerarta da ƙuri'u fiye da 190,000 daga cikin kimanin 246,000 da aka kaɗa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu zaɓen nan sarkinsu suka bi, ƙa'idoji 21 ba su dame su ba. A Bihar ƙarfin jam'iyyar na Rajan Ramgarh ne, da suka ɓata da shugabanni a 1964 ya fice, jama'arsa suka bi shi, reshen jihar ya durƙushe. Nehru kuwa ya sami abin faɗa, yana kwatanta ta da jam'iyyar zamanin da ya shuɗe, ta sarakuna da iyayen gona.

Zaɓen 1967 shi ne ƙololuwarta. Nehru ya rasu a 1964, an yi yaƙi da Sin a 1962 da Pakistan a 1965, an yi fari shekara biyu a jere, an karya darajar kuɗin ƙasar a 1966. Congress ƙarƙashin Indira Gandhi, 'yar Nehru, ta sauko zuwa kujeru 283 cikin 520. Swatantra ta ci 44, ta zama jam'iyyar adawa mafi girma a majalisar. A Orissa ɗanta R. N. Singh Deo, shi ma tsohon sarki, ya zama babban minista a gwamnatin haɗin gwiwa. A Madras Rajaji ya haɗa kai da jam'iyyar DMK suka kayar da Congress, wadda har yau ba ta sake kafa gwamnati a jihar ba.

Indira Gandhi ta karanci inda raunin abokan hamayyarta yake. A watan Yulin 1969 ta mayar da manyan bankuna 14 hannun gwamnati, sannan ta tasar wa soke kuɗin sarakuna. Swatantra ta yi adawa da duka biyun, kuma bisa ƙa'idarta ta yi: dukiyar mutum tasa ce, alƙawarin da ƙasa ta ɗauka a cika shi. Sai dai a idon talaka abin da ya gani shi ne jam'iyya tana kare masu banki da masu rawani. A zaɓen 1971 Swatantra ta shiga ƙawance da tsagin Congress da ya ɓalle, da Jana Sangh, da wasu 'yan gurguzu, taron da babu abin da ya haɗa shi sai kiran a kawar da Indira. Ita kuma ta amsa da cewa su suna so a kawar da ita, ita tana so a kawar da talauci. Ta ci kujeru 352. Swatantra ta tsira da 8. Masani ya faɗi a mazaɓarsa ta Rajkot, ya ajiye shugabancin jam'iyya da yake riƙe da shi a lokacin. A ƙarshen shekarar aka soke kuɗin sarakuna ta gyara na 26 ga tsarin mulki. Ranga ya koma Congress. Rajaji ya rasu a watan Disambar 1972 yana da shekara 94. A 1974 shugabanta na ƙarshe, Piloo Mody, ya narkar da abin da ya rage cikin Bharatiya Lok Dal ta Charan Singh. Shekara ɗaya bayan haka Indira ta kafa dokar ta-ɓaci, Gayatri Devi tana cikin waɗanda aka tsare a kurkukun Tihar.

Labarin bai ƙare a nan ba. A 1991 asusun kuɗin waje na Indiya ya ƙare har abin da ya rage bai wuce na sayen kayan 'yan makonni ba, gwamnati ta jinginar da zinariyarta a ƙasashen waje don ta sami bashi. A watan Yulin shekarar, firaminista Narasimha Rao da ministan kuɗinsa Manmohan Singh suka soke lasisin masana'antu, in ban da fannoni 18. Gwamnatin Congress ce ta yi wannan, shekara 17 bayan mutuwar jam'iyyar da ta fara kiran a yi shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau Indiyawa suna muhawara a kan wa ya amfana da sauyin da wa aka bari a baya, kuma ba aikinmu ba ne mu raba musu gardama.

Namu aikin shi ne mu lura da yadda jam'iyya take rayuwa. Swatantra ta tashi da sunan ƙaramin manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, amma ƙuri'unta ta hannun sarakuna suka zo, kuma abin da ya ɗaga ta a 1962 shi ya kayar da ita a 1971. Babu mugu guda a labarin. Nehru yana tsoron yunwa, Rajaji yana tsoron ranar da komai zai koma hannun jam'iyya ɗaya, kowannensu yana da abin da ya gani daidai da abin da ya kasa gani. Idan muka ba jam'iyyar da muka ƙirƙira irin wannan tarihi, mai karatu zai yarda da ƙasar da babu ita a taswira.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki jam'iyyar da ke cikin labarinsa ya rubuta shafi ɗaya: wace doka ko wane lamari ya haife ta, su wane ne mutum uku da suka kafa ta kuma me suka saɓa a kai, wa yake biyan kuɗin motar kamfe, kuma me zai nema a biya shi bayan zaɓe. Ku ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, za mu karanta tare mu yi wa juna gyara. Sai mako mai zuwa.