Daga Zaure Zuwa Jami'a: Tarihin Nazarin Falsafa a Ƙasar Hausa

Mutane da yawa sun ɗauka falsafa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, wai boko ne ya zo da ita. Tarihi bai nuna haka ba. Ɗalibin da ya gurfana gaban malaminsa a zaure, a birnin Kano ne ko a Rurum Tsohon Gari ta ƙasar Rano, aka biya masa cewa hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, to ya riga ya shiga fagen, ko da bai taɓa jin sunan Aristotal ba.

Tushen abin yana Bagadaza, inda aka fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a ƙarni na 9, har aka sami masana irin su Farabi da Ibn Sina. Daga baya Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi musu zazzafan raddi a littafinsa Tahafutul Falasifa, amma bai yar da manɗiƙi ba, ya ɗauke shi ma'aunin da ake gane ingantacciyar hujja da gurɓatacciya. A wannan siffa ilimin ya ƙetaro Sahara: ana ɗari-ɗari da falsafa, ana rungumar manɗiƙi da tauhidi.

Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, gwanin manɗiƙi ne. Da Imam Suyuɗi na Masar ya haramta fannin, Magili ya aika masa da martani a waƙe, yana kafa hujja da cewa magana ake aunawa, ba mai maganar ba. Littattafai biyu ne suka zaunar da tauhidi da manɗiƙi a zaurukanmu. Na farko Ummul Barahin na Imam Sanusi, mutumin Tilimsan. Na biyu Sullam, waƙar manɗiƙi ta Abdurrahman Ahalari, wato mai Ahalarin nan da ake fara karatun fiƙihu da shi. A nan ɗalibi ke koyon jera hujja daki-daki: duniya tana sauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce, fararre kuwa ba makawa akwai wanda ya fare shi. Malam ba zai bar shi ya wuce ba sai ya nuna inda kowace gaɓa ta riƙe 'yar'uwarta.

Karatun ya yi nisa. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan manɗiƙi da hisabi, malaman Masar kuma suka san da zamansa. Sai dai zurfin ya zo da tsanani. Wasu malamai suka riƙa kafirta talakan da bai iya kawo hujjar tauhidi irin ta littafi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi tsaye ya yaƙi wannan ra'ayi, ya kare imanin gama-garin Musulmi. Kuma a gidansa aka sami wanda ya fi kowa nutso a fannin: jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan 'yarsa Nana Hadiza, wanda aka haifa a 1804, ya zauna a Salame, ya rasu a 1864. A littafinsa Futuhatur Rabbaniyya ya tattauna samuwa da ruhi da asalin halitta, ya gwama hujjar hankali da ilimin sufaye. A zamanin ne kuma, a 1852, Bature matafiyi Barth ya tarar da wani makahon malami Bafillace a Bagarmi, Faki Sambo, wanda ya karanta Aristotal da Aflatun cikin Larabci.

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya alƙibla. Makarantar Shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 alƙalai aka so ta yaye, don haka fiƙihu ya sha gaba. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, sai fannin ya rarrabu: wani yanki a sashen Larabci, wani a nazarin addinin Musulunci, wani a sashen ilimin koyarwa. Jami'o'in kudu kamar Legas da Ibadan sun riga mu buɗe sashen falsafa mai zaman kansa. A Nijar kuwa, bisa tsarin Faransa, tun a ajin ƙarshe na sakandare ake koyar da ita, Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kuma tana da sashenta.

Abin takaici, ɗalibinmu mai digiri na biyu ko na uku yakan san Dekart da Kant, bai san ɗan Tafa ba. Ga rubuce-rubucen magabata nan jibge a Arewa House ta Kaduna da Cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato da gidajen malamai, suna jiran mai tacewa da fassarawa. Ya kamata jami'o'inmu su shigar da su cikin manhaja, malaman zaure kuma a ba su kujerarsu a wannan aiki. Ku kuma matasan Rano da Kibiya da sauran ƙasar Hausa masu sha'awar fannin, ku haɗa Larabci da boko, ku ɗauko gadon nan tun ƙwari ba su cinye takardun ba.